Ta Cika Mini Kuɗin Biki, Ta Daina Ɗaga Wayata

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a Kano, shekaruna 48. A watan Disambar 2024 na aurar da 'yata ta fari. Tun ina amarya nake da littafin da nake rubuta gudummawar biki, abin da na kai wa mutane da abin da aka kawo mini. Ina da aminiya tun muna makarantar kwana, ko 'yan'uwana sun san matsayinta a wurina, ita ce ma ta yi ta kwana da ni a asibiti lokacin da maigida ya samu shanyewar ɓarin jiki. Da ta aurar da tata 'yar a 2021 na kai mata naira dubu ɗari. Da nawa ya zo sai ta kawo dubu arba'in da saitin kuloli, alhali matan ƙungiyarmu kowacce ta mayar mini har da ɗori. Abin ya tsaya mini a rai, har na yi ƙorafi a gaban wata ƙawarmu, maganar kuwa ta koma kunnenta. Bayan mako uku sai ga alat na dubu sittin daga wurinta, ba kira ba saƙo. Tun daga ranar in na kira ba ta ɗagawa, in na tura saƙo a WhatsApp sai ta ce "lafiya lau, na gode" ta yi shiru. Kuɗina sun dawo amma na kasa taɓa su. Shin dama duk zumuncin nan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne? In mayar mata da kuɗin?

Uwar amarya, daga Kano.

Wa'alaikumus salam, uwar amarya. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya, ya ƙara wa maigida sauƙi.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce mai gaggawa, don haka da ita zan fara. Kada ki mayar mata da kuɗin nan ta waya. Ko kin riga kin buɗe manhajar bankin, rufe ta. In alat ɗinki ya shiga wayarta yau, abin da za ta karanta shi ne "riƙe tsiyarki", daga nan kuma gyaran ya fi ƙarfin ni da ke. Su zauna inda suke tukuna, za mu dawo kansu.

Littafinki kuwa ba abin kunya ba ne. Na san akwai masu cewa duk macen da ke rubuta gudummawa 'yar kasuwa ce ta fake da zumunci. Masu faɗin haka ba su taɓa aurar da 'ya ba. Ga gado da katifa da kujeru, ga kayan kicin, ga labule da kafet, ga gara, ga abincin yinin biki, kuma ba bankin da zai ba uwar amarya rance don ta yi jere. Abin da ke tsaya mata shi ne dubu biyar-biyar da goma-goma ɗin da ta yi shekara ashirin tana kaiwa gidajen mutane. Adashi ne da ba a sa masa ranar kwasa ba, ranar da hidimarki ta taso ita ce ranar kwasarki. Mai irin wannan hulɗa da mata hamsin ko ɗari dole ta rubuta, in ba haka ba ita ce za ta ci haƙƙin wata, a kawo mata dubu ashirin ta mayar da goma a kan mantuwa.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da sanin wannan. A cikin Risala an yi maganar kyautar da aka bayar don a saka, aka ce wanda aka ba ko dai ya saka da ƙimarta ko ya mayar da abin, wato an ajiye ta kusa da ciniki. Masu tafsiri kuma, a aya ta 39 ta Suratur Rum, sun kawo daga Ibn Abbas cewa kyautar da mutum ya yi yana jiran a mayar masa da fiye da ita halal ce, sai dai ba ta da lada. To matan ƙungiyarku sun cika alƙawari, Allah ya saka musu, ki riƙe su da kyau. Mutumin da za ki ba shi yau ki tabbata zai mayar miki gobe ba ƙaramin abu ba ne a zamanin nan. Na tabbata lokacin jinyar maigida wasunsu sun zo dubiya da ledar lemo da ayaba, sun zauna kwata, sun yi addu'a sun tafi. Iyakar abin da ke kansu ke nan, kuma sun sauke.

Amma akwai wata hikima a cikin bikin kansa da nake so ki lura da ita. Iyayenmu mata, tun zamanin sule da fam kafin naira ta shigo a 1973, ba sa mayar da biki daidai wa daida. Kin kai sule biyu, a kawo miki huɗu, in nata ya taso ki kai takwas, har sai abin ya yi nauyi a zauna a karya shi a koma ƙasa. Da yawa na ɗaukar ɗorin nan riba ce. Ni a nawa ganin dabara ce ta hana lissafi rufewa. Muddin akwai ɗori, kullum wata na bin wata, kullum akwai dalilin da zai sa a sake taka ƙafa gidan juna. Ranar da aka mayar miki da abin da kika bayar cif, ba ƙari ba ragi, an sallame ki ne.

Yanzu dubi lissafin aminiyarki. Arba'in da sittin, ɗari cif. Ba ta ɗora ko naira ɗaya ba, ba ta kuma cire kuɗin kulolin da ta kawo ba, ta bar miki su. Mace ce da ta san al'ada kamar yadda kika sani. Abin da ta gaya miki da alat ɗin nan shi ne, tunda lissafi kike yi da ni, ga lissafinki. Jikinki ya riga ya ba ki haka, shi ya sa hannunki ya kasa kaiwa kan kuɗin.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki, 'yar'uwa, shi ne yadda kika raba mata fili. Dubu ɗari ta ci layi uku, kwanan asibiti ya samu rabin layi, shi ma a kan hanyar wucewa. Duk wadda ta taɓa jinyar mai shanyewar jiki ta san abin da rabin layin nan ya ƙunsa. Tabarma a baranda, sauro, sanyin asuba. Filas ɗin ruwan zafi da kunun da aka damo daga gida tun kafin gari ya waye. Takardar gwaji a hannu ana yawon neman inda ake biyan kuɗi, layin kantin magani, likita ya shigo ya faɗi abin da kunnenki ya ji amma kanki bai ɗauka ba, sai wadda ke tsaye kusa da ke ta maimaita miki daga baya a hankali. Sannan kalmar nan da ba ta da farashi, misalin ƙarfe biyu na dare: "Ki ɗan runtsa, ina zaune." Kafin ta faɗi haka sai da ta nemi izinin nata mijin, ta bar nata yaran a hannun wata, ta bar ɗan abin da take juyawa na sana'a. A wane shafi na littafinki aka rubuta wannan? Ba a rubuta ba, don littafin ba shi da gurbinsa. Ita ma ba ta rubuta ba. Shaidata ita ce, da maganarki ta je mata tana da amsa a shirye in ta so. Da ta aiko miki cewa, "Kwanakin da na yi a baranda fa, nawa ne kuɗinsu?" da bakinki ya mutu. Ba ta yi miki gori ba. Ta nemo kuɗi ta biya ta ja bakinta ta yi shiru. Mai hulɗar ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ba haka take yi ba, sai ta zazzage miki duk abin da ta taɓa yi miki tun daga makarantar kwana.

Na ce "ta nemo" da gangan. Macen da ke da dubu sittin a ajiye da ta haɗa ta kawo tun ranar biki, ta huta. Mako ukun nan na nema ne. Ko ta roƙi uwar adashi ta ba ta kwasar wata, ko ta kai ɗan kunnenta an auna, ko ta ci bashi a inda ba ta so. Ki tuna kuma tsakanin bikinta da naki ƙasar ta juye. A 2021 dala tana wajen naira 410 a farashin gwamnati, a ƙarshen 2024 ta haura 1,500. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta wuce dubu kafin 2024 ta ƙare. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, amma wa ya ga ya kamo farashin buhun shinkafa? Ko da ta kawo miki dubu ɗarin cif a ranar, ba za ta sayi abin da taki ta saya mata ba, ashe lambobin da ke cikin littafin ma sun daina faɗin gaskiya. Kuma mai yiwuwa ne dubu arba'in ɗin da ta fitar a Disambar 2024 ta fi yi wa gidanta nauyi a kan dubu ɗarin da kika fitar a 2021. Kin ba ni labarin abin da ta kawo, ba ki ba ni labarin halin da gidanta ke ciki ba. Kin sani kuwa? Yaushe rabon ki tambaye ta, tambaya ta gaske ba "ya gida ya yara" ba? Shirin biki yakan rufe wa uwar amarya ido wata shida, ba ta ganin kowa sai tela da kafinta.

Ba wai na wanke ta tas ba ne. Ita ma da nata. Abin da ya dace shi ne tun kafin biki ta ja ki gefe ta ce, "Ina sane da bikinki, ga abin da ya samu, sauran na nan tafe in Allah ya hore." Da wannan kaɗai ya kashe maganar, kuma haka mata ke yi tun fil azal. Ko kunya ce ta hana ta, ko kuwa ta ɗauka ni da wance ai mun wuce nan. In na biyun ne, to kin ga inda ciwon yake: ita tana ganin kun wuce lissafi, sai ta ji a bakin wata cewa tana shafi na kaza. Ƙaurace miki da ta yi ma ba daidai ba ne, addini bai yarda a wuce kwana uku ba. Sai dai kada ki je mata da hadisi a baki, mai laifi ba ya shiga gida da wa'azi.

Kin tambaya ko duk zumunci cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Akwai bayarwa da karɓa a cikin kowanne, har tsakanin uwa da 'ya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana karɓar kyauta yana kuma sakawa, kamar yadda Nana A'isha ta ruwaito. Amincin da mutum ɗaya ne kullum ke miƙa hannu ba ya zuwa ko'ina. Inda aka rabu shi ne, a biki kuɗi ake mayarwa da kuɗi, a ranar da kowa ya sani, kuma kowa na iya buɗe littafi ya duba. A aminci kuwa kin ba da kuɗi sai a mayar miki da kwana, kin ba da kwana sai a mayar miki da rufin asiri bayan shekara goma, kin riƙe sirrinta sai ta tsaya wa ɗanki ranar da ba kya nan. Abubuwan ba sa aunuwa da juna, don haka ba wanda ya san wa ke gaba wa ke baya, kuma ba mai son ya sani. Akwai hadisi a Bukhari da ya ce mai sada zumunci ba shi ne mai ramawa ba, shi ne wanda in an yanke masa sai ya sadar. A kan dangi aka yi maganar, amma ke da bakinki kika ce 'yan'uwanki sun san matsayinta. Irin waɗannan mutanen ba sa yawa. Mace ta kai shekara hamsin tana da biyu ko uku, ta gode wa Allah. Sauran jama'a abokan hulɗa ne, ana mutunta su ana biyan su haƙƙinsu, ba kuma a jin haushinsu don ba su kwana a baranda ba. Naki kuskuren shi ne kin ɗauko ɗaya daga cikin biyu ko ukun nan kin jera ta a layin mata ɗari.

To yanzu sai tafiya, zumunta a ƙafa take. Ki je gidanta da kanki, ke kaɗai. Ban da rakiyar ƙawa, ban da aika babbar yaya ta shiga tsakani, ban da saka maza a ciki. Da zarar mutum na uku ya zauna, abin ya koma shari'a, kowacce ta fara kare kanta. Ki zaɓi hantsi, lokacin da yara suka tafi makaranta maigidanta ya fita. Kada ki yi lodin kaya, don duk abu mai tsada da kika riƙo a ranar za ta gan shi a matsayin biya. In kin saba riƙe mata ɗan turaren wuta, riƙe shi, kada ki wuce haka.

Bayan gaisuwa ki faɗi maganar kai tsaye: "Na yi maganarki a inda bai kamata ba. Ban kyauta miki ba. Ki yafe mini." Ki tsaya nan. Kada ki ce "in na ɓata miki", kin san kin ɓata. Kada ki ce wance ce ta ƙara gishiri, kada ki ce hidima ce ta sha miki kai, ko da duk gaskiya ne. Kusan tabbas za ta ce miki "Haba, ba komai, ya wuce," fuskarta tana faɗin wani abu dabam. Wannan "ba komai" ta farko ta sallamar baƙo ce, kada ki ɗauke ta ki miƙe kina murna. Cire mayafinki ki ajiye, in alayyafo take gyarawa ki jawo tiren ki sa hannu, kamar yadda kika saba. In an yi sa'a za ta fashe. Za ta iya gaya miki magana mai zafi, har ta tono wasu abubuwan da kika manta kin yi, na shekara biyar ko goma. Ki saurara, kada ki ce "ai ke ma". Faɗan da za ta yi miki a ranar ya fi "lafiya lau, na gode" alheri nesa ba kusa ba.

Maganar kuɗi kada ki tayar da ita a zuwan farko sai in ita ta ɗauko. In fuska ta saki, ko a zuwa na biyu ko na uku, ki tambaye ta a hankali inda ta samo su. In bashi ne, ki ce mata ba mayar mata kike yi ba, barci ne ba za ki iya ba alhali ana bin ta kuɗi saboda ke, ki roƙe ta ta bari ki biya mai shi. In ta ƙi, kada ki matsa. In kuwa ba bashi ba ne, ko ta ƙi faɗa, to ki kashe su a kan amarya. Sayi abu guda da ake gani, tukunyar gas ko keken ɗinki ko wani abin da ɗakin ya rasa, sannan ki ce mata, "Kuɗin nan na saya wa 'yarki kaza da su, in kin je za ki gani." Ki sa amaryar ta nemi izinin mijinta ta je har gida ta durƙusa ta yi wa mamanta godiya. Ta haka kuɗin da ta turo don ta rufe lissafi za su koma gudummawar uwa ga 'yarta, abin da ya kamata su zama tun farko. Yana da wuya mace ta ga yarinyar da ta goya tana jaririya ta durƙusa a gabanta da lalle bai gama fita a ƙafarta ba, ta ci gaba da ɗaure fuska.

Littafin ki ci gaba da shi don ƙungiya da maƙwabta da dangin miji. Shafinta dai ki ja masa layi. Ranar da nata ya sake tasowa, ki kai abin da Allah ya hore miki a lokacin, ya fi ɗari ko bai kai ba, kada ki rubuta. Ki kuma gaya wa babbar 'yarki tun yanzu cewa wannan ba ta cikin lissafi, don irin littafin nan 'ya'ya mata ke gadonsa, kada wata rana su buɗe su ce ana bin ta ko tana bin ku.

Zai yiwu ki je ta karɓe ki a tsaye, ki dawo jiki a sanyaye. Ki bar mako biyu ki koma. Zai yiwu kuma a shirya amma a ɗauki watanni tana auna abin da za ta gaya miki, don wanda aka kai maganarsa waje sau ɗaya yakan daɗe yana tauna kalma kafin ya furta. Ki yi haƙuri da wannan, ke kika jawo. A tsakanin nan ban da habaici a status, ban da ba wa matan ƙungiya labarin yadda kika je da yadda ta karɓe ki.

Ita kuwa ƙawar da ta kai maganar, kada ki je mata da rigima, abin da kika faɗa ta ɗauka ta kai, ba ƙirƙira ta yi ba. Gaisuwa da biki su ci gaba tsakaninku, in nata ya taso ki mayar mata har da ɗori. Ƙorafi dai kada ta sake jin na kowa daga bakinki.